Yadda Ake Tantancewa da Sayar da Tsofaffin Kayan Mota da Mamaci Ya Bari

Bakanike, ko tsohon direba, ko mai sayar da kayan gyaran mota, idan ya rasu da wuya a rasa ɗaki ko kango ko kwantena da ya cika da ƙarafa: injuna biyu ko uku a ƙarƙashin tamfol, giyabos jingine da bango, fitilu a kwali, lagireto a saman kwano, bokitan noti da kusoshi. Iyali kan ɗauki wannan a matsayin tarkacen da ya tare wuri. Tun ba a yi sadakar bakwai ba 'yan gwangwan sun fara sallama a ƙofar gida, suna neman a yi musu kuɗi ɗaya su kwashe duka, har su share wurin kyauta. A nan asarar take. Tulin da aka sayar a dunƙule kuɗin ƙarfe ake biya, alhali a cikinsa ana iya samun abu biyar ko shida da kuɗinsu ya fi na ragowar gaba ɗaya. Kuma dukiyar ta magada ce, sau da yawa har da marayu, don haka wanda aka ɗora wa aikin ba shi da ikon yin rangwame da abin da ba nasa ba.

A rufe wurin, a naɗa wakili

Tun ana zaman makoki a sayi sabon kwaɗo. Tsohon makulli ba wanda ya san hannu nawa ya shiga: yaran gareji suna da shi, wataƙila maƙwabcin shago ma. A sa kwaɗo biyu, makullin ɗaya a hannun babban magaji, ɗayan a hannun dattijon da duk ɗakunan gidan suka yarda da shi, yadda ba za a buɗe ba sai su biyun suna nan. Kafin a rufe a ɗauki bidiyon wurin da waya, sannu a hankali, lungu-lungu, a tura wa manyan magada. Idan damina ce, a toshe yoyo, a ɗora abin da ke ƙasa a kan katako ko tsohuwar taya, a lulluɓe injuna. Ruwan da ya shiga bakin inji cikin wata ɗaya yana iya mayar da shi gwangwan.

Daga nan magada su zauna su naɗa mutum ɗaya wakilin sayarwa, a rubuce, da shaidu biyu. Matar mamaci tana takaba wata huɗu da kwana goma, ba za ta riƙa zirga-zirgar kasuwa ba, amma tana da haƙƙin sanin komai. Ta naɗa nata wakilin daga danginta. Yara ƙanana waliyyinsu ke tsaya musu. Idan an ga alamar saɓani tun yanzu, gara a kai maganar gaban alƙalin kotun shari'a kafin a sayar da ko noti ɗaya. Inda akwai mota mai rajista da sunan marigayi, ko kuɗi a banki, ko kuma iyalin ba Musulmi ba ne, akan buƙaci takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na babbar kotun jiha.

Ba duk abin da ke wurin ne nasa ba

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi jawo rigima. A garejin bakanike akwai injin da mai shi ya kawo gyara ya kasa biya, akwai giyabos ɗin da aka ajiye amana, akwai wanda aka jinginar, akwai kayan da ya karɓo bashi a hannun 'yan kasuwa a kan sai ya sayar ya biya. Wani shagon ma na haɗin gwiwa ne, kason abokin tarayya yana ciki. Duk waɗannan ba sa shiga gado.

A nemi littafin bashinsa, a duba saƙonnin wayarsa, a zauna da babban yaronsa, don shi ya fi kowa sanin wane ƙarfe na wane ne. A yi cigiya a masallacin unguwa da na garejin, a kuma sanar da shugaban ƙungiyar makanikai na wurin: duk mai ajiya ko mai bin bashi ya zo cikin mako uku ko huɗu. Wanda ya zo, kada a shigar da shi ya zaɓa. Ya fara siffanta kayan tukuna: na wace mota ne, yaushe ya kawo, wace alama ce a jiki, wa ya gani. Idan bayaninsa ya dace da na yaron gareji, a ba shi, ya sa hannu. Idan marigayi yana binsa kuɗin aiki, ya biya, kuɗin ya shiga gado.

Za a sami masu cewa "ai Alhaji ya ce ya ba ni wannan injin". A saurare su da mutunci, a rubuta, a kai wa malamin da zai raba gadon. Kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu tana da hukuncinta, wasiyya ma tana da nata, ba aikin wakili ba ne ya yanke.

Kafin a taɓa tulin

Tulin ƙarfen da ya shekara ba a motsa shi ba, maciji da kunama da zanzaro suna ciki. A fara ja da ƙugiya ko dogon ƙarfe, kada a cusa hannu. Masu aikin su sa safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe, kuma duk wanda tsatsa ta yanka a kai shi a yi masa allurar tetanus a ranar. Yara kada su kusanci wurin.

Abubuwa huɗu ake fitarwa da farko a ware su nesa. Na ɗaya tankin mai da jarkoki: tankin fetur da babu komai a ciki ya fi cikakke haɗari, saboda tururin da ya rage shi ke fashewa, don haka babu walda, babu injin yanka, babu sigari kusa da shi. Na biyu batura: a ajiye su a tsaye, a inuwa, a kan katako. Idan ruwan batir ya zube, a barbaɗa garin kanwa har ya daina kumfa sannan a wanke. Kada a fasa batir a gida don ciro dalma. Ƙurar dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara, ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Na uku jakar iska ta sitiyari da ta gaban fasinja: tana da abin fashewa a ciki, a ajiye fuskarta sama, kada a gwada ta da mita ko batir. Na huɗu tsofaffin faifan kuloci da fatun birki da gasket: na da da yawa an yi su da asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu bayan shekaru. A yayyafa musu ruwa kafin a ɗaga, kada a hure su da iska.

Kayan aikin da ake buƙata ba su da yawa: tamfol uku ko huɗu, alƙalamin maka mai fenti, littafi mai layi, buroshin waya, man gas ko kananzir lita biyar na wanki, sifanu, mitar wuta, batir mai kyau da wayoyin jona, tocila, sarƙar ɗaga inji, buhuna, da maganaɗisu, wanda ko na tsohuwar lasifika ya isa.

Rarrabawa da rubutawa

A ɗauko bakanike mai shekaru a sana'a da mai gyaran wutar mota, a biya su kuɗin yini. Sharaɗi ɗaya ne: ba za su sayi komai ba, su da yaransu. Wanda zai sayi kaya ba ya yi musu kuɗi da gaskiya, ko da mutumin kirki ne, zuciya ce.

A shimfiɗa tamfol, a riƙa fitowa da kaya ɗaya bayan ɗaya. Kowanne a goge shi, a rubuta masa lamba da fenti a jiki, a ɗauki hotonsa da lambar tana bayyane, a shigar a littafi: lamba, sunan abu, motar da yake shiga, lambar kamfani in akwai, halin da yake ciki, sai gurbi biyu da za a cike daga baya na kuɗin da aka ƙiyasta da kuɗin da aka sayar. Kaya kashi huɗu za su rabu: sababbi da ke cikin kwalinsu, tsofaffi masu aiki, masu buƙatar gyara, da gwangwan. Ƙananan abubuwa irin su noti da wasa da fiyus ba sai an ba kowanne lamba ba, a yi bokiti-bokiti.

Akwai kayan da rabuwarsu ke kashe kuɗinsu, kuma masu kwashe kaya ba su san haka ba. Murafun da ke riƙe karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a cikin inji, tare aka gyara su da bulok ɗinsu, wato gangar jikin injin, a kamfani. Bulok ɗin da ya rasa murafunsa, ko aka cuɗa su da na wani, ya kusa zama gwangwan. Haka murfin kowane hannun fistin, haka murafun kamshaf da kan silindarsu. Duk abin da aka tarar a kwali ɗaya ko a ɗaure da waya, a bar shi yadda yake har bakanike ya gani, domin marigayi ba banza ya haɗa su ba. A motocin da aka ƙera daga wajen 2000 zuwa yau, birenbos, wato kwamfutar mota, da makulli da zoben da ke bakin makulli sukan zama a haɗe ta lambar sirri. A sayar da su tare, ɗaya ba ya aiki sai da sauran. Fitilu da madubai a haɗa hagu da dama.

Sanin motar da abu yake shiga shi ne rabin kuɗinsa. Kayan Toyota suna ɗauke da lamba mai gurbi goma, biyar a gaba biyar a baya. Na kamfanin Bosch ma gurbi goma ne, da yawansu suna farawa da sifili. Idan aka rubuta lambar a intanet yawanci sunan motar yana fitowa. Lambar inji tana jikin bulok, a wani shafaffen wuri, sai an kankare datti da buroshi. Haruffan farko su ke faɗin irinsa: 1ZZ na Corolla ne na farkon shekarun 2000, 2AZ na Camry da ake kira Big Daddy da wadda ta biyo ta, 5S na Camry ɗin shekarun 1990, XN1 kuma na Peugeot 504 da 505 mai lita biyu.

Maganar Peugeot tana buƙatar natsuwa, don a tulin tsohon bakanike na Arewa ita ce ta fi yawa. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ta a Faransa. Yanzu ta yi ƙaranci a titi, saboda haka ɗan kasuwa zai ce maka kayanta sun mutu. Gaskiya ce rabi. Masu saye sun ragu, amma masu a-kori-kura 404 da 504 da ke ɗaukar kaya a kasuwannin ƙauye, da masu gyara tsohuwar mota don sha'awa, suna neman abin da ba a ƙara ƙerawa: fitilun asali, kafireta, agogon mota, ƙarafan ado, gilashi, aksul na baya. Irin waɗannan suna son haƙuri da mai saye ɗaya da ya dace. Kayan Golf 3 da Sharan da Hiace da Corolla da Peugeot 406 kuwa, masu tafiya ne, cikin kwanaki suke ƙarewa.

Gwaji

Abin da aka gwada a gaban mai saye ya fi wanda aka ce "muna jin yana aiki" kuɗi nesa ba kusa ba.

Inji: a zare sandar gwada mai. Idan man ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. A cire fulogai, a leƙa da tocila, sannan a sa sifana a kusar fulin karanshaf a juya zagaye biyu cikakku. Idan ya juya sumul, alama ce mai kyau. Idan ya cije, kada a yi masa ƙarfi. A zuba gas ko man giya cokali biyu a kowace silinda, a bar shi kwana biyu ko uku, a sake gwadawa a hankali gaba da baya. Wanda ya tilasta shi da dogon bututu yakan karya zoben fistin ko ya karce silinda. Idan bel ɗin tayimin ba ya jiki, kada a juya ko kaɗan, don a injuna da yawa fistin zai bugi bawul ya lanƙwasa shi. A duba gefen bulok ko akwai tsaga ko tsohuwar walda.

Kan silinda: a wanke fuskarsa, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye da kuma a karkace, a gwada da siraran ma'aunin tazara. Injuna da yawa ba sa jure lanƙwasar da ta wuce 0.05 zuwa 0.1 na milimita. Wanda ya wuce haka sai an kai shi an share fuska, kuma kuɗin sharewar daga kuɗinsa zai fita. A duba tsakanin bawul da bawul da kusa da ramin fulogi, nan tsaga take ɓuya. Karanshaf kuma a bi wuraren da yake juyawa da farce. Layin da farce ya kama, sai an kai shi yanka.

Giyabos na hannu: a shigar da kowace giya ana juya sandar gaba, har da ribas, a saurari ƙarar boris. A kwance kusar zubar da mai. Ɗan laushin ƙarfe a jikinta ba komai, amma gutsattsarin haƙori matsala ne. Na otomatik ba ya gwaduwa a ƙasa, iyaka a duba mansa: ja mai tsabta alheri ne, baƙi mai warin ƙuna yana nufin faifan ciki sun ƙone. A faɗa wa mai saye yadda aka gani.

Kik, wato na'urar tayar da inji, da altaneta mai cajin batir aikin mai wuta ne. Kik a danne shi da kyau a ƙasa a jona masa batir, haƙorinsa ya fito ya juya da ƙarfi. Altaneta idan aka ɗaura ta a mota ta ba da wuta tsakanin volt 13.5 da 14.5 a mita. Batir cikakke 12.6 yake nunawa. Wanda aka caja ya kasa wuce 10.5 ɗaki ɗaya na cikinsa ya mutu, na 'yan gwangwan ne. Lagireto a toshe bakunansa, a nutsa shi a ruwa, a hura iska kaɗan, kumfa za ta nuna yoyo. Shokazoba mai jiƙe da mai, ko mai shigewa ba turjiya, ta gama aiki. Birenbos a leƙa haƙoran soket ɗinsa: tsatsa koriya alamar ruwa ce.

Sababbin kayan da ke kwali a bar su a kwalinsu, kwalin ma kuɗi ne. Sai dai duk abin roba yana tsufa ko ba a yi aiki da shi ba: bel, tiyo, sil. Taya tana da lamba huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na nan, kada a sayar wa mai motar haya a matsayin mai kyau. Haka tsohon bel ɗin tayimin da kayan birki da ake shakka a kansu. Kuɗin da za a samu bai kai ran fasinja ba, kuma ɓoye aibi a ciniki haramun ne ko da don marayu aka yi.

Yin kuɗi da sayarwa

Kowane babban abu a nemo farashinsa daga wuri uku da ba su san juna ba. A tura mutum kasuwa ya tambaya kamar mai son saye: Kofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, ko ta waya daga Ladipo a Legas. Farashin kayan Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, shi ne iyakar sama. Abin da aka mora a gida ƙasa da haka yake tafiya. Ɗan kasuwar da zai saya ya ajiye a shago yana iya taya rabin kuɗin da yake sayarwa, kuma ba zalunci ba ne, jarinsa zai kwanta. A littafi a rubuta farashi biyu, wanda za a faɗa da wanda ba za a sauka ƙasa da shi ba, magada su amince da na biyun tun kafin a fara.

A fara da magada. Ɗan da ya gaji sana'ar yana iya son akwatin sifanu da jak da sarƙar ɗaga inji. A ba shi a kan kuɗin da aka ƙiyasta, a cire daga rabonsa, a rubuta. Ɗauka haka kawai da sunan "ai ni nake aikin da Baba" shi ke raba zumunci tsakanin 'yan uba. Idan sauran sun so su bar masa, baligai ne kaɗai ke iya yafe nasu kason. Na yaro ƙarami ba mai ikon yafewa.

Sai makanikai da direbobin tasha, su ne suka fi biya don buƙata ce ta kawo su. A tura hotuna da lambobi a zaurukan WhatsApp na makanikai, a sa manyan kaya a shafin saye da sayarwa na Jiji ko Facebook, da sunan mota da shekara da halin da abin yake ciki. Baƙi kada a kawo su gidan da ake takaba. A kai kayan garejin wani amintacce, a haɗu da rana. Kaya ba sa fita sai kuɗi sun bayyana a cikin asusu, a manhajar banki, saboda saƙon alat na bogi ya yi yawa. Gara a ware asusu ɗaya don wannan aikin kaɗai. Idan za a sa dillali, a yanke la'adarsa tun farko, kuma mai saye ya biya kai tsaye a asusun, don kada a ɗora wani abu a sama ba da sanin kowa ba.

Maganar garanti a gama ta kafin a sallama. Bayan an raba kuɗi tsakanin mutum goma, dawo da su ba ya yiwuwa. Ko dai a sayar a kan "yadda ka gani", da ragi, a rubuta haka a rasit, ko a ba da kwana bakwai na gwaji ga inji da giyabos, a riƙe kuɗin har kwanakin su cika. Lambar fenti da hoton da aka ɗauka su za su hana a dawo da wani injin daban a ce shi ne.

A sa wa'adi, kamar wata uku. Abin da ya rage bayan haka a haɗa shi kashi-kashi, kayan Peugeot wuri ɗaya, kayan wuta wuri ɗaya, a kira 'yan kasuwa uku ko huɗu rana ɗaya su taya a gaban juna. Idan shagon na haya ne, a lissafa: ragowar kayan da ba su kai kuɗin hayar shekara ba, riƙe su asara ce.

Idan akwai mota sukutum, a gwada lambar jikinta da ta takardunta, wato takardar kwastan da shaidar mallaka da lasisi. Yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 lambarsu gurbi 17 ce. Mai tashi da takardu cikakku ta fi kuɗi a dunƙule. Wadda jikinta ya ruɓe gara a cire inji da giyabos da aksul da ƙofofi da gilasai a sayar daban, gangar jikin ta tafi gwangwan. A cire lambar rajista a ajiye, a ɗauki hoton lambar jiki, a rubuta yarjejeniya cewa don yanka aka sayar. Inji ko mota da aka ga an goge lambarsu ko an sake bugawa, kada a sayar; a sanar da 'yan sanda ta hannun shugaban makanikai ko mai unguwa.

Gwangwan, a ƙarshe

Sai yanzu ake kiran 'yan gwangwan, kuma ko a nan ba a dunƙule ba. Maganaɗisu ke raba kaya: abin da ya kama ƙarfe ne, abin da bai kama ba ya fi daraja. Jan ƙarfe shi ne kan gaba, kilo ɗayansa ya fi kilo goma na baƙin ƙarfe kuɗi. Yana cikin wayoyi da naɗin matattun kik da altaneta. Sai tagulla, wadda tsofaffin lagireto irin na 504 da manyan motoci ke ɗauke da ita tare da jan ƙarfe. A karce jikin, idan ya nuna ja ko rawaya kada ya shiga cikin ƙarfe. Sai alminiyam na wili da kan silinda da kwanson giyabos da fistin, a cire masa kusoshin ƙarfe don kada a saye shi a farashin gauraye. Batura kuɗinsu daban, da ɗai-ɗai ko da kilo. Wayoyi a feƙe su da wuƙa ko a sayar da rigarsu. Ƙona su yana fitar da hayaƙi mai guba.

A lura da tukunyar salansa da makanikai ke kira indomi. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma guda ɗaya tana iya fin kuɗin buhunan ƙarfe da yawa. A haska tocila a ga ko saƙar cikin tana nan, a bar ta a kwansonta don da lambar jikin ake yi mata kuɗi, a kai wa masu sayenta su kaɗai. Tsofaffin motoci masu kafireta yawanci ba su da ita.

Kafin awo a gwada sikelin da abin da aka san nauyinsa, kamar buhun siminti mai kilo 50. Wakili ya tsaya yana rubuta kowane awo da kansa. A karɓi sunan mai saye da adireshin shagonsa da rasit, domin hukumomi sun sa ido a kan harkar: Borno ta hana jari-bola a 2023, Abuja kuma ta rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci a farkon 2025. Motar da ta ɗauki kayan ta tafi da kwafin takardar da ke nuna na gado ne. Baƙin mai a tara a jarka a ba masu sayensa, kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya.

Lissafi da rabo

Wakili ya kawo littafin da rasitai da bayanin asusu gaban magada. A cire abin da aka kashe, wato leburori, makanikai, mota, la'ada da haya. Ragowar ta haɗu da sauran dukiyar marigayi, a bi tsarin shari'a: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176. A misali, idan bayan duk wannan an sami naira 2,400,000, kuma mamacin ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, iyayensa sun riga shi rasuwa, matar tana da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, naira 300,000. Ragowar 2,100,000 a kasa bakwai: kowane namiji 600,000, macen 300,000. Mata biyu ko fiye sumunin nan ɗaya suke rabawa. Idan akwai mai juna biyu, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu, amma wannan ba ya hana a sayar da kayan a ajiye kuɗin. Malami masanin gado ko alƙali shi zai yi rabon, kowa ya sa hannu a kan abin da ya karɓa, kason yara ya shiga asusu da sunansu a ƙarƙashin kulawar waliyyi. Littafin da hotunan a yi musu kwafi biyu, ɗaya a hannun wakili, ɗaya a hannun waliyyin yaran, har su girma su gani da idonsu.